FASHIN BAƘI: Shin mulhidanci ma wani nau'in imani ne?

Duk lokacin da batun masu musun samuwar Allah ya taso a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na matasan Arewa, akwai maganar da ba ta daɗewa ba ta fito ba: wai mulhidi ya fi kowa imani, domin sai mai imani mai tsanani ne zai dubi sama da ƙasa ya yarda cewa haka nan suka wanzu babu mai yi. Waɗanda ake jifa da maganar su ma suna da amsarsu a hannu. Sukan ce ƙin yarda da abu ba ya zama yarda, kamar yadda zaman kashe wando ba ya shiga jerin sana'o'i.

Wannan musayar ta girmi kafafen sada zumunta, kuma daga waje ta shigo. A 2004 wasu marubuta Kiristoci biyu a Amurka, Norman Geisler da Frank Turek, sun fitar da wani littafi wanda takensa kaɗai ya ɗauke hujjar baki ɗaya: cewa imaninsu bai kai yawan da zai ishe su zama mulhidai ba. Hujjar ta bi littattafai da bidiyoyin muhawara har ta iso wayoyin matasa a Jega da Aliero da Maiyama, kuma a kan hanya aka fassara kalmar Turancin da ke tsakiyarta da "imani". Rabin ruɗanin daga wannan fassarar ya fito.

Tambayar ta wuce cacar baki. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa shugaban ƙungiyar marasa addini ta Najeriya, Mubarak Bala, ɗaurin shekara 24. Yadda aka amsa tambayar nan yana da nasaba da irin kariyar da tsarin mulki yake ba mutum irinsa, da kuma iyakar wannan kariya.

Wane ne mulhidi?

Hausa tana da kalmomi da dama da ake cakuɗa su a bakin magana, alhali kowacce da inda ta dosa. "Kafiri" a fiƙihu shi ne wanda bai karɓi Musulunci ba, ko da kuwa yana da addininsa. "Arne" da "Bamaguje" mabiya addinin gargajiya ne, kuma ba su musun Mahalicci. Masanin nan Ba'amurke Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta cewa sun san Allah a matsayin Ubangijin komai, sai dai yankansu da roƙonsu ga iskoki suke kai su. "Ridda" kuwa fita ce daga Musulunci, zuwa wani addinin ko zuwa babu.

"Mulhidi" daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin karkata. Daga nan ne aka samo sunan lahadu, ramin da ake karkatarwa gefe a cikin kabari. A ƙarnonin farko na Musulunci kalmar tana hawa kan duk wanda aka ga ya kauce hanya. An kira Ibnur Rawandi da ita a ƙarni na 9, an kira shahararren likita Abubakar Arrazi da ita saboda sukar annabci da ake jingina masa, ga shi kuma ya yarda da Mahalicci. Wanda ke musun Mahalicci ɗungurungum, malamai suna kiransa "dahri", wato mai ganin cewa zamani ne kawai ke juyawa, suna danganta sunan da aya ta 24 ta Suratul Jasiya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware dahriyawa a matsayin rukuni na daban cikin masana falsafa. Sai a zamanin nan ne "mulhidi" ta tsaya a kan ma'anar wanda bai yarda akwai Allah ba, kuma da wannan ma'anar ake amfani da ita a nan.

Yawansu a Najeriya ba ya cikin kundin hukuma, domin ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa addininsa ba. Masu bayyana kansu dai an daɗe da su. Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, bai taɓa ɓoye rashin addininsa ba har ya mutu a 1994. Leo Igwe ya kafa ƙungiyarsu a 1996, sai a 2017 ta samu rajista da hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista.

Abin da malaman ƙasar nan ke nufi da imani

A muhawarar Turawa, musamman a bakin mulhidai irin su Richard Dawkins, kalmar da aka fassara da imani tana nufin yarda da abu ba tare da hujja ba. Wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke ƙarƙashin masarautarta, zai ji wannan ma'anar baƙuwa ce a kunnensa.

Littafin tauhidin da ya fi yawo a zaurukan Afirka ta Yamma tsawon ƙarnoni shi ne Ummul Barahina na Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi, mutumin Tilimsan a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490. Sunan littafin kansa yana nufin uwar hujjoji. Kafin ya ce komai game da Allah, sai da ya fara koya wa ɗalibi hukunce-hukuncen hankali guda uku: wajibi, abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna iya yiwuwa. Sannan ya gina hujjarsa a kai. Duniya tana sauyawa, daga motsi zuwa tsayuwa, daga babu zuwa akwai. Abin da ba ya rabuwa da sauyi fararre ne. Fararren abu kuwa samuwarsa da rashinsa kunnen doki suke, don haka ɗaya ba zai rinjayi ɗaya ba sai da mai rinjayarwa.

Mutum na iya jayayya da wannan hujjar, an kuma yi ta yi. Mulhidai sukan tambayi dalilin da zai sa a tsayar da jerin sabubba a kan Allah maimakon a kan duniyar kanta, malaman tauhidi kuma su amsa da cewa jeri marar farko mustahili ne. Amma ko wanda bai gamsu ba zai shaida cewa abin da aka ajiye a gabansa hujja ce, ba umarnin rufe ido ba. Har ma Sanusi da masu bin sawunsa sun tsananta a kan muƙallidi, wato wanda ya yi imani don kawai ya tarar da iyayensa a kai. Malamai sun rabu a kansa: wasu suka ce mumini ne ba laifi, wasu suka ce mumini ne mai saɓo idan yana da ikon yin nazari ya ƙi, wasu ƙalilan suka ce imaninsa bai inganta ba.

Wannan ra'ayi na ƙarshe ya taɓa zama fitina a ƙasar Hausa. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai wasu ɗaliban ilmul kalami da ke tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa jero hujjoji irin na littafi sai su ce ba Musulmi ba ne, yankansa bai halatta ba, aurensa bai ɗauru ba. Shehu ya yaƙe su da alƙalami, kuma ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu. Matsayinsa shi ne duk wanda ya furta shahada ana yi masa hukuncin Musulmi a zahiri, abin da ke cikin zukata kuma a bar wa Allah, ba a ɗora wa kowa aikin tonon zuciyar wani ba.

Abu na biyu da fassarar ta zubar a hanya ya fi wannan muhimmanci. Imani a wurin malamai ya wuce ra'ayin cewa akwai Allah. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kusan duk almajirin fiƙihun Malikiyya ya ratsa ta, ta haɗa shi da furucin harshe da tsarkin zuciya da aikin gaɓoɓi. Malaman tauhidi kuma sukan ba da misali da Iblis: ba ya shakkar samuwar Allah ko kaɗan, amma ba wanda ke kiransa mumini, domin ya sani bai miƙa wuya ba. Kalmar tushenta ɗaya da amana da aminci. A cikinta akwai wanda aka amince wa, aka dogara gare shi, aka ɗauki alkawarin yi masa biyayya.

Idan wannan ne imani, to mulhidi ba shi da shi, domin babu wanda ya miƙa wa wuya. Mai wa'azin da ke cewa mulhidi ya fi kowa imani ya ari ma'anar abokin hamayyarsa ba tare da ya lura ba: ya amince cewa imani shi ne yarda da abin da hankali ba ya ɗauka, sannan ya jefi wani da shi kamar zagi. Da Sanusi zai ji, da wuya ya sa masa albarka.

Wa ke da'awa, wa ke musu?

Akwai kalmar da ta fi dacewa, ita ce aƙida, abin da mutum ya ƙudurce a ransa cewa gaskiya ne. Idan aka sauya tambayar ta koma ko mulhidanci aƙida ce, sai amsar ta dogara da wane mulhidi ake nufi, don ba iri ɗaya ba ne.

Akwai mai cewa babu Allah, ya tabbata. Wannan ya yi da'awa a kan abin da ya fi ƙarfin gani da awo, kuma babu ɗakin gwajin da zai tabbatar masa. Yana da hujjojinsa, mafi shahara ita ce yawan wahala da zalunci a duniya, amma abin da ya cimma ƙuduri ne, kuma ana bin sa bashin hujja kamar yadda ake bin kowa. Akwai kuma mai cewa hujjojin da aka kawo masa ba su gamsar da shi ba, don haka bai yarda ba, bai kuma ce ya san babu ba. Akwai na uku, mai cewa lamarin ya fi ƙarfin sanin ɗan Adam baki ɗaya. Masanin halittu ɗan Ingila Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro wa wannan matsayi suna a 1869, a Larabci kuma ana kiran masu shi "la'adriyya", 'yan ban-sani-ba.

Wanda ya fi kowa kare matsayi na biyu shi ne masanin falsafa ɗan Ingila Antony Flew. A wata maƙala da ya buga a 1972 ya ce a ɗauki muhawarar kamar shari'a: yadda ake ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an kawo shaida, haka ya kamata a fara daga rashin yarda har sai mai cewa akwai Allah ya kawo tasa.

Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a a Jega ya san wannan ƙa'idar: mai da'awa ne ke kawo shaida. Sai dai ya san abin da Flew ya tsallake da sauri, cewa babban aikin alƙali na farko shi ne gane wane ne mai da'awar. Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna dogaro da ita, ta kawo wannan matsalar tun a farko-farkon babin shari'a. Ba wanda ya riga kai ƙara ne mai da'awa ba. Mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'adar da aka sani, wanda asali ko al'ada ke goyon bayansa kuwa shi ne wanda ake ƙara.

To mene ne asali a nan? Flew ya ce asali shi ne babu, sai an tabbatar da akwai. Malamin tauhidi zai ce asali shi ne fiɗira, sanin Mahalicci da aka halicci ɗan Adam a kai, kuma kusan dukkan al'ummomin da tarihi ya sani sun bauta wa wani abu, don haka mai musu ne ya zo da sabon zance. A cikin masana falsafar Kirista, Alvin Plantinga na Amurka ya yi shekaru yana kare kusan wannan matsayi, cewa yarda da Allah na iya zama tushe da ba ya jiran wata hujja a ƙarƙashinsa, kamar yardar mutum cewa jiya ta faru. Ɓangarorin biyu ba su kai ga sauraron shaidu ba ma, suna nan a bakin ƙofa suna jayayyar wanda zai fara magana. Yawancin muhawarorin da ake kwana ana yi a Facebook a nan suke maƙale, masu yin su ba su sani ba.

Wuta da auduga

Masu cewa mulhidi yana da imani suna da wata hujjar da ta fi ta farko ƙarfi. Sukan ce: ka yarda da kimiyya, ka yarda hankalinka yana gaya maka gaskiya, ka yarda gobe za ta bi tsarin jiya, wanne ka tabbatar a ciki?

Tambayar tana da nauyi, kuma tsohuwa ce. Gazali a Tahafutul Falasifa ya ba da misalin wuta da auduga. Abin da ido ya gani shi ne an haɗa su, auduga ta ƙone. Ido bai ga wata tilas da ta ɗaure ƙonewar da wutar ba. Shi ya sa littattafan tauhidi suka ware wannan a matsayin hukuncin al'ada, wato abin da aka sani ta maimaituwa, wanda hankali bai hana ya saɓa ba. Fiye da shekara 600 bayan Gazali, David Hume na Sikotland, wanda mulhidai ke ɗauka a matsayin kakansu, ya iso wuri guda ta wata hanyar a 1748. Gazali ya kammala da cewa Allah ne mai ƙonawa a lokacin haɗuwar, Hume ya kammala da cewa sabo ne kawai ke sa mutum tsammani. A kan cewa ba a iya tabbatar da gobe daga jiya da tsurar hankali, bakinsu ɗaya.

Manomin albasa a Aliero yana zuba kuɗinsa a iri da taki da man injin ban-ruwa bisa tsammanin ƙasa za ta yi bana abin da ta yi bara. Wanda ya karye ya nufi maɗoran garin, waɗanda sunansu ya kai nesa, don ya ga maƙwabcinsa ya je a ɗauke ya dawo da ƙafarsa. Ɗalibin da ke awo a ɗakin gwaji na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, yana dogaro da alƙaluman da wasu suka auna a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Dukkansu suna aiki da yardar da ba su tabbatar da ita daga tushe ba.

Amma wannan yarda mumini da mulhidi duk suna tarayya a cikinta, don haka ba ta raba gardama. Idan aka kira ta imani, kowa ya zama mumini, kalmar kuma ta tashi daga aiki. Akwai kuma bambanci a yadda ake riƙe su. Manomin da iri ya ba shi kunya shekara biyu a jere zai sauya iri, ba wanda zai ce ya ci amana. Mumini kuwa ba ya riƙe imaninsa a matsayin gwaji, yana ganin tsayuwa a kansa lokacin jarrabawa shi ne cikar sa.

Ko mulhidai suna riƙe matsayinsu irin riƙon manomi, wannan wata magana ce. Flew kansa ya zama zakaran gwajin dafi. A 2004, yana da shekara 81, ya bayyana cewa yanzu ya yarda akwai Mahalicci, ko da yake bai karɓi wahayi ko tashin ƙiyama ba. Ya ce hujja ya bi. Da yawa daga tsofaffin abokan tafiyarsa suka ce tsufa ne ya taɓa shi, wasu kuma suka yi zargin cewa littafin da ya fito da sunansa a 2007 abokin rubutunsa ne ya rubuta mafi yawansa. Ko ma mene ne gaskiyar zargin, zafin da aka ɗauka ya nuna cewa ƙungiyanci ba sai da masallaci ko coci yake kama mutum ba. Inda kuma mulhidanci ya hau karagar mulki, ya yi duk abin da yake zargin addini da shi. Tarayyar Sobiyet ta kafa ƙungiyar yaƙi da addini a 1925, Albaniya a ƙarƙashin Enver Hoxha ta rufe dukkan masallatai da coci-coci a 1967.

Abin da Jega ta sani game da laƙabi

Hukunta abin da ke zuciyar wani ba sabon abu ba ne a wannan yanki, kuma ba safai yake rabuwa da siyasa ba. Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu ne. Harin da dakarun Gobir suka kai wa jama'arsa a Gimbana, ba nisa da inda Jega take yau, a ƙarshen 1803, yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Bayan nasarar jihadi aka zaunar da shi a Kware, inda ya riƙa kokawa kan rabon ƙasa da kan zaluncin da yake ganin wasu jagorori na yi. Da Shehu ya rasu a 1817 sai saɓaninsa da Sarkin Musulmi Bello ya fito fili. Bello ya yi masa hukuncin ridda bisa hujjar cewa ya haɗa kai da abokan gaba, ya kuma tattara wasiƙun da suka yi musaya da hujjojinsa a Sardul Kalami. An ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya rasu sakamakon raunin da ya samu.

Ba wanda ya ce Abdussalami ya musa Allah. Malami ne mai salla. Kuma ko a cikin gidan Shehu ba a haɗu a kan ƙa'idar ba, domin Malam Abdullahi ya taɓa saɓa wa yayansa a rubuce kan ko taimakon waɗanda ba Musulmi ba a kan Musulmi kafirci ne kai tsaye ko kuwa saɓo. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ne daga baya ya daidaita da Gwandu ya kafa Jega a wajajen 1820, garin da ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular.

A gaban kotu, kowa ya sauya kujera

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tunani da na lamiri da na addini, har da 'yancin sauya addini ko abin da ya ƙudurce. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. A 1993, shekarar da Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa, kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace a sharhinsa na 22 cewa kariyar ta haɗa da aƙidar yarda da Allah, da wadda ba ruwanta da Shi, da ta musun Sa, da kuma 'yancin ƙin bin kowace. A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 2005, a ƙarar wani fursuna a jihar Wisconsin da aka hana shi kafa zauren nazarin mulhidai, cewa ta fuskar kariyar doka ana ɗaukar mulhidanci kamar addini.

A nan ne abin ya zama abin kallo. Mulhidin da ya kwana yana rantsuwa cewa matsayinsa ba aƙida ba ce, idan ya shiga kotu a ƙarƙashin inuwar aƙida yake neman mafaka. Mai wa'azin da ya kwana yana cewa mulhidanci ma addini ne, shi ne na farkon da zai ce kariyar addini ba ta shafe shi ba. Doka ba ta damu da warware musu falsafa ba. Abin da take karewa shi ne ikon mutum a kan zuciyarsa, cike take ko wofi. Ko a wurin ba da shaida, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda mutum ya ɗauki alkawarin faɗin gaskiya maimakon rantsuwa da littafi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kundayen hukunta laifuka na shari'ar Musulunci da jihohin Arewa suka kafa daga 2000, ciki har da Kebbi a zamanin Gwamna Adamu Aliero, ba su sanya ridda cikin jerin laifuka ba. Sashe na 36 na tsarin mulki kuma ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba. Rashin imani shi kaɗai ba laifi ba ne da kotu za ta saurara a Najeriya. Abin da doka ta kama shi ne furuci, kuma sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita 'yanci don kare zaman lafiya da haƙƙin wasu.

Shari'ar Mubarak Bala a kan wannan gaɓar ta tsaya. Injiniya ne ɗan Kano wanda ya bayyana barin addini a 2014, danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali, inda ya yi kwana 18. Shekara shida ya yi bayan haka yana faɗin matsayinsa a fili ba a gurfanar da shi ba. An kama shi a Kaduna ranar 28 ga Afrilun 2020 bayan wasu lauyoyi a Kano sun kai ƙorafi kan rubuce-rubucensa a Facebook da suka ce ɓatanci ne ga Annabi (SAW). A Disambar wannan shekarar Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce tsare shi ya saɓa doka, ta ba da umarnin a sake shi, ba a bi umarnin ba. An tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 114 da na 210 na dokar Final Kot ta Kano, masu magana kan tunzura jama'a da cin zarafin addini. Ranar 5 ga Afrilun 2022 ya amsa tuhume-tuhume 18, aka yanke masa shekara 24. A Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5, ya fita daga kurkuku a cikin shekarar.

Zargin ɓatanci kuma bai tsaya kan marasa addini ba, ya ma fi faɗawa kan masu shi. Deborah Samuel, wadda ɗalibai suka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, Kirista ce. Usman Buda, mahaucin da aka kashe a mayankar Sakkwato a Yunin 2023, Musulmi ne. Ba ɗayansu da ya ga alƙali. Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙin da wata babbar kotun shari'a a Kano ta yanke wa hukuncin kisa a Agustan 2020, ɗan ɗariƙa ne.

A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta yanke cewa sashe na 210 na Final Kot ɗin Kano da sashe na 382(b) na kundin shari'arta sun saɓa wa alkawuran kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu, gwamnatin Kano kuma ta ce ba za ta janye dokokinta ba. Hukuncin Kano ya ambata, amma sashe na 210 gado ne daga Final Kot ɗin tsohuwar Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda jihohin da aka yanka daga cikinta suka gada. Ƙarar Sharif-Aminu, wadda ke ƙalubalantar dacewar dokar da aka hukunta shi da ita da tsarin mulki, ta kai Kotun Ƙoli. Hukuncin da za ta yanke zai hau kan kowace kotu a ƙasar, har da waɗanda ke zama a Jega da Aliero da Maiyama.